Alƙalin Puna da Gonar Aro

Tudun Gawo, ta wajen Kwaya
Gero ya fara fid da kai

Zuwa ga amaryata Zahara'u, jikar yayana Sharifu,

Bayan sallama, ina tambayar lafiyarki da ta karatu da zaman baƙunta. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan tawa ta hagu da ba ta shiri da damina. Ruwa ya yi mana kirki bana, gyaɗa ta rufe ƙasa, wake ne kaɗai tsutsa ta ɗan taɓa. Mushe Usmanu, malamin makarantar boko, ke rubuta mini, tun da ya bar koyarwa a lakwal ba shi da aiki sai ni. Shi zai ɗauki hoton takardar da salularsa ya aiko miki. Kada ki ce in yi magana cikin salula. Na gwada, mutum na magana rabin gari na saurare.

Ga abin da ya sa na neme ki. An yi shela daga meri, ofishin magajin gari, cewa in an gama ɗaure dammuna, masu rubuta gonaki za su zo garinmu, kowace gona a sa mata sunan mai ita a takarda. Mai gari ya ce ni za a zaunar kusa da su, don ba sauran wanda ya ga iyakokin nan da idonsa tun ana dasa musu gamba, sai ni. Wannan bai dame ni ba. Gona ɗaya ce ta hana ni sakat.

Kin san Hinda, matar marigayi Modu, mai noma gonar bakin hanyar Magariya. Kin tashi kin ga gonar a hannunsu, kowa ma haka ya gani. To ba tasu ba ce. Ubana Mainasara ne ya ara wa kakan Modu ita, shekarar da suka zo daga gabas da jaki da tukunya. Ina yaro, ina tsaye aka yi. Tun daga nan, duk kaka suna kawo dami ɗaya ƙofar gidanmu, ba don mu ci ba, don dai a san aro ce. Modu ya rasu ya bar Hinda da yara, gonar nan ce tuwonsu.

Yanzu da aka zuba wa hanyar latarit, jar ƙasar nan ta yin titi, yayanki Abdulrazak ya zo daga Magariya bisa moto, babur ɗin nan nasa. Wai akwai wani alhaji da ke son wurin ya kafa mangaza ta ajiyar kayan kasuwa.

Ya ce, "Kaka, ba ƙarya na ce ka yi ba. Gaskiya kawai za ka faɗa."

Na ce, "Ai ita ce matsalar."

In na ce aro ce, takarda ta fito da sunanmu, kafin wata damina an zuba tubali a inda Hinda ke shuka. In na ce tasu ce, na yi ƙarya, ni da nake zaune ina jiran kira. Don haka na yanke: ranar da za su zo, zan hau mota in tafi Waca wurin 'yata Laraba, in ce gwiwa ce. Su rubuta abin da suka ga dama, ba da bakina ba.

Ke da kika tafi koyon shari'a har Indiya, ki gaya mini, akwai dokar da za ta tilasta wa tsoho buɗe baki? An ce kin samu wani tsoho can kina karanta masa littafi. Ashe tsufana bai ishe ki ba, sai kin ƙetare teku neman wani. Ki tambaye shi, in ya san wani abu.

Angonki,
Ɗan Azumi


Puna, Indiya

Zuwa ga angona, Kaka Ɗan Azumi,

Na amsa sallama. Ina lafiya, sai dai ruwan sama a nan ba ya ɗaukewa, kayana ba sa bushewa. Ka riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi. A gaida Mushe Usmanu.

Kada kishi ya kama ka, tsohon nawa ya girme ka, kuma ba ya gani. Sunansa Alƙali Sadashib. Ya daɗe yana zaman shari'a a babban gidan shari'ar jiharsu, sannan ya ajiye aiki ya koma rubuta littattafai. Babban littafinsa a kan gonaki ne, tsakanin masu ƙasa da masu noma ƙasar wani. Alƙalai da lauyoyi na buɗe shi in magana ta cije musu. Ya kuma rubuta wani a kan rabon gado a shari'ar Musulunci, shi da ba Musulmi ba, don a nan alƙali ɗaya ne ke sauraron kowa, kowa kuma da addininsa. Da idonsa ya tafi, ya nemi ɗalibin da zai riƙa karanta masa da la'asar. 'Yan ƙasar suka gudu saboda faɗansa, ni na tsaya. Ya ce Ingilishina Faransanci ne da ya sha wahala a hanya.

Aikinmu shi ne in karanta masa littafinsa na dā, shi kuma ya yi ta musu da kansa. Sai in kai tsakiyar shafi ya ɗaga hannu ya ce, "Wane wawa ne ya rubuta wannan?" In ce, "Kai ne." Ya ce, "To goge." Haka muke gyara shi shafi-shafi. Yana so ya gama kafin a kira tasa shari'ar, in ji shi.

Na fassara masa takardarka. Da na zo kan damin da Hinda ke kawowa, sai ya ce in maimaita. Sannan ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Uwarsa ma gonar wani ta noma, gonar shinkafa a gefen teku, ta wani babban gida. Duk kaka tana auna musu nasu ta kai. Da gwamnati ta fito da dokar a rubuta sunan masu noma a ba su haƙƙi, sai masu ƙasa suka yi sauri suka kore su kafin masu rubutun su iso. Ranar da suka iso, uwarsa ta je ta tsaya. Dattawan garin duk sun san ta, suna tausayinta, amma ba mai son faɗa da babban gida. Ya ce, "Ba wanda ya yi mata ƙarya ko ɗaya. Shiru kawai suka yi." Daga nan suka koma birni, tana daka yaji a gidajen mutane, shi yana karatu. Ya ce duk littafin nan, da kaurinsa, a kan wannan yinin ya rubuta shi.

Ga saƙonsa, yadda ya faɗa: "Ki gaya wa mijinki, ba dokar da za ta bi shi Waca ta kamo shi. Amma in ya tafi, abin da mai murya ya faɗa shi za a rubuta, kuma matar nan ba ta da murya a wurin."

Yana da tambaya ɗaya. Da ubanku ya rasu, gonar bakin hanyar a rabon wa ta faɗo, naka ko na kakana? Ya kuma ce tun da gonakin gari duk a kanka suke, ka riƙa sa malafa, kada rana ta cinye wa mutane iyaka.

Kaka, kada ka riƙe Yaya Abdulrazak a rai. Shi ke ɗauke da Inna da ƙannenmu tun rasuwar Baba, kasuwa kuma ba ta yi masa daɗi.

Amaryarka,
Zahara'u


Tudun Gawo
An gama girbi, ana cirar gyaɗa

Amaryata,

Na gaishe ki, na gaida tsohon naki. Lafiya muke. Rumbuna sun cika, alhamdulillahi. Gwiwa ta yi sauƙi da kanta, ba don ruwan ɗuminki ba.

Ki ce masa malafata ta girmi littafinsa. Mushe Usmanu ya ce mutanen can da yawa ba sa cin nama. In haka ne, ai shi ya sa idonsa ya tafi. Ki nemo masa kilishi, ya daina zagin wanda ya rubuta littafin.

Labarin uwarsa kuwa ya zauna mini a ƙirji. Ban san abin da ake ce wa irinsu ba. Ki ce masa na ji. Na fasa zuwa Waca.

Tambayarsa ba ta da amsa, don ba a raba ba. Da ubanmu zai rasu ya kira ni da Sharifu ya ce, "Ƙasar nan kada ku yanka ta. In kun yanka, 'ya'yanku za su yi ta yankawa har kowa ya tashi da abin shimfiɗa tabarma." Muka riƙe ta gandu ɗaya. Sharifu ya rasu, na riƙe. Ubanki Yasin ya rasu, na riƙe. Gidaje nawa aka raba a garin nan na gani, yau jikokinsu na sayar da ruwa a Zinder. Namu yana nan yadda aka bar shi: babbar gona, gonar bakin hanya, da fadama. Babbar gona kowa na ci. Fadama ni ke cikinta. Ni na haƙa rijiyarta, ni na dasa mangwaron nan da kike jifa kina yarinya, ni na kawo irin rake daga Waca da ba wanda ke da shi a nan. Ba wanda ya taɓa ce mini tawa ce, ban kuma tambaya ba.

Hinda ta kawo dami. Kullum da amalanke take aikowa, bana da kanta ta ɗauko shi a ka. Ta sauke, ta durƙusa.

Ta ce, "Baba, ga na bana."

Na ce, "An gode. Ya yi nauyi."

Ta ce, "Zaɓowa na yi."

Ta zauna tana gyara bakin zane, ba ta tashi ba. Na san ta ji maganar mangaza, ba wanda bai ji ba. Na yi zaton za ta roƙe ni in rufa mata asiri. Ba ta roƙa ba.

Can ta ce, "Baba, tambaya gare ni. In kai taki gonar, ko in bari?"

Zahara'u, an kawo mini rigimar iyaka iri-iri a rayuwata, har wadda aka zo da sanduna, ban taɓa rasa ta cewa ba. Ranar sai na ce mata rana ta yi, ta je gida.

Masu rubutun sun fara daga garuruwan arewa, suna bi gari-gari, mu ne can ƙarshe. Na zauna, kamar yadda tsohon naki ya ce. To in sun zo in ce me? Shi da ya rubuta littafi mai kauri, in shi ne a kan tabarmata, me zai yi? Ki tambaye shi ranar da ya ƙoshi.

Angonki,
Ɗan Azumi


Puna

Kaka,

Ina gaishe ka a gurguje. Ni lafiya, amma Alƙali ba lafiya, ƙirjinsa ne, an kwantar da shi asibiti. 'Yarsa tana wata ƙasa, ba ta iso ba tukuna, ni da mai yi masa girki muke karɓa-karɓa, ga jarrabawa a kaina.

Na karanta masa takardarka. Ya ce in gaya maka ka raba gadon. Ni ma ina ganin ya kamata ka saurare shi. Zan rubuto da kyau in na samu kaina.

Zahara'u


Tudun Gawo

Zuwa ga Zahara'u 'yar Yasin,

Muna lafiya.

Takardarki ta zo, amma yayanki ya riga ta. Ina fadama ya same ni, ko moto bai kashe ba. Ya ce, "Kaka, magana ta ƙare. Mun yi waya da Zahara'u, ita ma ta ce a raba, har babban alƙalin Indiya ya sa baki." Na ce masa ƙarya yake, amaryata ba za ta faɗi haka ba. Da yamma Mushe Usmanu ya karanta mini. Na sa ya sake karantawa. Ashe ni ne maƙaryacin.

Kin san abin da rabo ke nufi. Ku kuna da yawa, ni ni kaɗai ne da Laraba. Ana zama yayanki zai ce gonar bakin hanya yake so, ba kuma mai hana shi, don haƙƙinku ne. Abin da nake gudu ke nan, shi kuka miƙo mini a faifai.

In rabonki kike so, ki faɗa da bakinki, ba sai kin aro bakin makaho ba. Ni na ɗauke ki a kafaɗa na kai ki lakwal ranar farko, da ubanki ya ce mace ba ta zuwa. Ashe karatun ke nan, a koyi yadda ake yanka ƙasa da ladabi.

Shi kuma tsohon naki, na ɗauka mutum ne. Wanda aka kori uwarsa daga gona, shi zai ce in buɗe ƙofar da za a kori wata? Ya zauna cikin littafi har ya manta da ƙamshin ƙasa. Allah ya ba shi lafiya, ba na yi wa mara lafiya mugun fata. Amma kada ki ƙara karanta masa maganata.

Ba za a raba ba ina numfashi. Ba sai kin amsa ba.

Ɗan Azumi


Puna
Sanyi ya shigo

Kaka,

Ka ce kada in amsa, na kuma daɗe ban amsa ba, don takardarka ta yi mini zafi. Ina fata kana lafiya, kai da gwiwarka. Ni jikina lafiya.

Alƙali ya rasu. Ban karanta masa takardarka ta ƙarshe ba, ba don ka hana ba, don lokacin ya daina gane mutane.

Ƙone gawa suke yi, haka addininsu yake. Na tsaya daga nesa. Manyan alƙalai sun zo, lauyoyi sun zo cikin baƙaƙen riguna, an yi jawabai. Amma abin da zan gaya maka ba shi ba ne. Motocin haya suka yi ta sauke wasu tsofaffi daga ƙauyuka, maza da mata, ƙafafunsu duk faso kamar na mutanenmu. Ba wanda ya gayyace su. Mai girki ta ce mini manoma ne da suka tsira da gonakinsu saboda hukuncinsa, ko saboda wani shafi na littafinsa da lauya ya karanta a gaban wani alƙalin. Yawancinsu ba su taɓa ganinsa ba, ba su kuma iya karatu ba. Suka zauna a ƙasa har aka gama, suka koma.

Littafin bai kammalu ba. Mun tsaya a bayan rabi. 'Yarsa ta ce za a buga shi haka nan, rabi gyararre, rabi na wawan da yake zagi.

Maganar rabo, ga yadda aka yi. Da robar iska a hancinsa na karanta masa takardarka ta maganar dami da taki. Ya yi dariyar kilishi har tari ya kama shi. Da na gama sai ya ce, "Ki ce masa ya raba gadon." Na ce, "In an raba ai matar ta fita." Ya ɗaga hannu kamar zai ci gaba, numfashi ya ƙi, likita ta fitar da ni. Bai ƙarasa ba. Ban san abin da yake nufi ba, har yau ina juya shi. Na rubuto maka rabin magana, na kuma faɗa wa Yaya a waya ban yi tunani ba.

Ba na son rabo, Kaka. Ko taku ɗaya na ƙasar nan ban taɓa sa wa rai ba. Abin da na sani, na karanta rubutun mutumin nan tun daga farko, ban ga inda ya taɓa ba da shawarar da za ta fitar da mai noma daga gona ba.

Akwai ranar da ya farfaɗo ya gane ni. Na yi zaton littafin zai tambaya. Sai ya ce, "Matar nan ta kai takin?" Na ce ban sani ba.

Jikarka,
Zahara'u


Tudun Gawo
Rake ya nuna

Zuwa ga amaryata Zahara'u,

Sallama da gaisuwa. Ina lafiya, mutanen gida lafiya. Ina yi miki ta'aziyyar malaminki. Ki isar wa 'yarsa cewa wani tsoho a ƙasar Damagaram, wanda bai san ubanta ba, ya ji mutuwarsa. Bakina ya yi tsawo a waccan takarda. Ba zan ce Mushe Usmanu ne ya ƙara gishiri ba, ni na faɗa. Ki yafe wa mijinki.

Tambayar da ya yi a gadon asibiti ita ta hana ni zama. Mutum na fama da numfashi, yana tambayar takin matar da bai taɓa gani ba. Na ce wannan ba mai korar Hinda ba ne. To me yake nufi? Na kai maganar fadama na yi ta juya ta ƙarƙashin mangwaro, har na gano bakin zaren. Tun rasuwar Sharifu ina cewa ni ke riƙe da gandu. Riƙewa kawai nake. Komai na hannuna, amma ko tafin hannu ɗaya ba nawa ba ne ni kaɗai, balle in ba wani. Da kaina na gano, ki rubuta wannan ki ajiye. Ko shi yake nufi, ko wani abu dabam da ya fi nawa wayo, ya tafi da shi.

Na je wurin liman na ce, mai rai zai iya kyautar da gonarsa? Ya ce in tasa ce shi kaɗai, yana cikin hankalinsa, kuma wanda aka ba ya karɓa a hannu, ba mai tayarwa. Na ce to a kira mutane.

Aka zauna ƙofar mai gari, da liman, da yayanki, da innarku, da Laraba da na sa ta zo daga Waca. Babbar gona aka raba ta biyu, ba gardama. Saura biyu. Abdulrazak ya gyara zama ya ce su bakin hanya suke so.

Na ce, "Bakin hanya tawa ce. Ku ɗauki fadama."

Ya ce, "Kaka, ka san abin da kake faɗa? Fadama ta ninka ta."

Na ce, "Ni na haƙa rijiyarta, kai za ka gaya mini?"

Zan faɗi gaskiyarsa, yaron nan bai yi wawaso ba. Ya sunkuyar da kai ya ce ba zai iya fitar da ni daga inda na tsufa ba, mutane za su zage shi. Na ce masa ba shi ya fitar da ni ba, da ƙafata na fita, wanda ya zage shi ya zo ya same ni. Mangwaro da rake za su ɗauki innarku da ƙannenki shekara da shekaru, kuɗin mangaza kuwa ci ɗaya ne. Sai ya karɓa.

Laraba ce ta yi kuka. Ta ce tun tana yarinya take ɗebo ruwan dashen mangwaron nan, ta ɗauka wata rana 'ya'yanta za su sha inuwarsa. Ta yi gaskiya. Ta koma Waca ba ta yi mini sallama ba, har yau ba ta aiko ba. Wannan yana nan yana cina, ban san ranar da zai warke ba. Maganar ubana kuma na karya ta. In mun haɗu zan yi masa bayani. Shi ya fara ara musu, ni ƙarasawa na yi.

Da masu rubutun suka zo, aka zaunar da ni kusa da su, muka bi gonaki ɗaya bayan ɗaya. Mutanen kirki ne, ba sa gaggawa. Da aka zo kan ta bakin hanya na faɗi duka, ban rage ba: ta ubana ce, aro aka ba da, ta faɗo a rabona, na kuma ba Hinda da 'ya'yan Modu kyauta, ga liman ga mai gari shaida. Hinda ta zo da yaranta duka sun yi wanka, ta ɗauka ranar kora ce, tana so su fita da mutunci. Da ta ji, sai ta zauna daɓas a ƙasa.

Ta ce, "Baba, fadamar taka fa?"

Na ce, "Ke dai dangwala yatsa, mutane na jira."

Jiya da hantsi ƙafafuna suka kai ni fadama, ban aike su ba. Na tarar da mutumin da yayanki ya ɗauka aiki, magidanci ne daga wajen Dungas, bai san ni ba. Na yi sallama, ya amsa. Na ce ko zai sam mini rake.

Ya dube ni ya ce, "Baba, ba nawa ba ne. Amma mai wurin ba zai hana tsoho ba."

Ya saro mini daga layin bakin rijiya. Na so in ce masa na gabas ya fi zaƙi, sai na bari. Na yi godiya, na zauna na sha da haƙoran da suka rage.

Ki gama ki dawo.

Angonki,
Ɗan Azumi